Agogon da ke jin tsayin milimita ɗaya: inda kwantum ya haɗu da jan ƙasa, da inda ba su haɗu ba tukuna

Duk bayan 'yan watanni sai ka ga kanun labari ya fito wai masana sun haɗa Einstein da kwantum, wato ilimin yadda ƙananan abubuwa irin su atom ke aiki, a ɗakin gwaji, wai an warware rigimar da ta gagari fiziks shekara kusan 100. In ka buɗe labarin sai ka tarar ashe gwajin agogo ne, ko kuma wasu atom ne aka cilla sama suka dawo. Gwaje-gwajen nan fa na gaske ne, wasunsu ma in ka gane su sosai sai tsigar jikinka ta tashi, amma abin da suka nuna daban, abin da ake cewa sun nuna daban, kuma wannan bambancin nake so mu zauna mu warware a tsanake.

Bari mu fara gyara wata kalma. Da yawanmu ƙarfin da ke sa abu ya faɗo muna ce masa "maganaɗisun ƙasa", to ba maganaɗisu ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa ya ƙyale katako, shi kuwa wannan ba ruwansa, da ƙarfe da katako da gashin tsuntsu har da haske duk ja yake yi. Giraviti kenan, ni dai zan riƙa cewa jan ƙasa ko giraviti, duk wanda ya zo min baki.

Newton ya ɗauke shi a matsayin ƙarfi ne tsakanin abubuwa masu nauyi, kamar wata igiya da ba a gani. Da Einstein ya kammala nazariyyarsa a 1915 sai ya ce a'a, abu mai nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi, abin da muke ji a matsayin ja kuma sakamakon wannan lanƙwasar ne. Mu da ke zaune a doron ƙasa kusan duk faɗuwar da muke gani daga ɓangaren lokacin take zuwa: kusa da ƙasa lokaci ya fi tafiyar hawainiya, kana yin sama yana ƙara sauri. Ba wai agogon ne ya lalace ba, ba batir ba ne, lokacin ne kansa. Nawa ne bambancin? Duk mita ɗaya da ka hau, agogonka zai ƙara sauri da kusan kashi 1 cikin lambar da ke da sifili 16 a bayan ɗaya. Mutum mai tsawon mita 1.7 in ya kwashe shekara 80 yana tsaye, kansa zai girmi tafin ƙafarsa da kusan rabin maikirosakan, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Shi ya sa babu wanda ya taɓa lura.

An daɗe da tabbatar da wannan, ba zan daɗe a nan ba. Pound da Rebka sun auna shi a 1960 a wata hasumiya mai mita 22.5 a jami'ar Harvard. A 1971 Hafele da Keating suka saya wa agogunan atom kujera a jirgin fasinja suka zagaya duniya da su, suka dawo agogunan sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa kamar yadda lissafi ya ce. GPS ɗin da ke wayarka ma da wannan yake aiki kullum, agogunan satalayit ɗinsa suna gaba da kusan maikirosakan 45 a rana saboda nisansu daga ƙasa, gudunsu kuma yana rage musu kusan 7, saura 38, da ba a gyarawa da kuskuren wurin da zai nuna maka ya riƙa taruwa wajen kilomita 10 kowace rana.

To ina kwantum ya shigo? Ta cikin agogon. Kowane agogo abu biyu ne, wani abu da ke lilo da kuma wani da ke ƙirga lilon. A agogon atom, lilon yana cikin atom ɗin. Ilektiron ɗin da ke jikin atom ba ya zama inda ya ga dama, matakai gare shi kamar matakalar bene, ko yana kan wannan ko yana kan wancan, babu tsayawa a tsakani, kuma don ya tsallaka daga wani zuwa wani sai an haska masa hasken da ke kaɗawa daidai da tazarar matakan, in ka kauce ko kaɗan ba zai kula ka ba. Wannan taurin kan nasa shi ne duk sirrin. Kuma atom ɗin siziyom na Jamus da na Japan da wanda ke cikin wani tauraro duk iri ɗaya ne sak, babu wanda ya tsufa, babu wanda maƙeri ya yi wa kuskure. Tun 1967 ma'anar sakan ɗaya a duniya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da siziyom 133 ke amsawa. Sabbin agogunan kuma sun koma amfani da hasken leza da atom irin su sitirontiyom, wanda nasa lilon ya kai kusan tiriliyan 429 a sakan. Ka ga kamar ma'aunin da aka ƙara wa zane-zane ne sau dubu arba'in da wani abu, dole ya fi ganin ƙananan abubuwa.

Daga nan sai tsayin da ake buƙata don a ga tasirin giraviti ya fara raguwa. A 2010 a cibiyar NIST ta Amurka, rukunin David Wineland suka ɗaga teburin agogo ɗaya da santimita 33 kacal, suka ga ya fi ɗan'uwansa sauri. A 2020 Hidetoshi Katori da mutanensa suka kai agogo ɗaya saman hasumiyar Skytree ta Tokiyo, mita 450, suka bar ɗaya a ƙasa. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na 2022, na ɗakin gwajin Jun Ye a JILA da ke jihar Kolorado.

Ka kwatanta abin a ranka. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa kaf, a tsakiyarsa atom ɗin sitirontiyom kusan 100,000 suna rataye, ba a kan komai suke ba, hasken leza ne ya riƙe su hawa-hawa kamar an jera tsabar kuɗi ɗaya bisa ɗaya, an sanyaya su har sun kusa taɓa sifilin ƙarshe na sanyi inda motsi ke kusan ɗaukewa, kuma duka tarin nasu tsayinsa bai wuce milimita ɗaya ba, kaurin ƙusa ƙarama. Sai a haska musu lezar agogo, a ɗauki hotonsu da kyamara, a duba na sama da na ƙasa, a sake, a sake, har wajen awa 90 ana tara bayanai. Na saman suka fito sun fi na ƙasan sauri, daidai gwargwadon da lissafin Einstein ya faɗa. Bambancin in ka bar shi yana taruwa sai ya yi shekara wajen biliyan 290 kafin ya cika sakan ɗaya, alhali duka duniyar sama da taurarinta shekararta biliyan 13.8 ne. A cikin milimita ɗaya fa.

Wannan kaifin har ya zama ciwon kai ga masu agogon. In kana son kwatanta agogonka da na wani ɗakin gwaji a wata ƙasa, sai ka san tsayin teburinka daga matakin teku zuwa santimita ɗaya, ga shi ita kanta ƙasar da ake takawa wata da rana suna ɗaga ta suna sauke ta da 'yan santimita gommai kowace rana. Sai wasu suka juya abin, suka ce to ai shi kenan mun samu ma'aunin tsayi, agogo ya zama kayan aikin safiyo. Ana kuma shirin sauya ma'anar sakan ta koma kan irin waɗannan agogunan wajen 2030.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu kanun labarai. A gwajin JILA, kowane atom yana zaune ne a nasa hawan, na sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa. Kwantum aikin lilo kawai ya yi. Da za ka samu agogon bango mai irin wannan kaifin ka ɗora ɗaya bisa ɗaya da amsa ɗaya za ka samu. Wato an gwada Einstein ne da kayan aikin kwantum, kamar ka auna tsawon ɗaki da ma'aunin zinare, zinaren bai shiga cikin amsar ba.

Sai mu leƙa ɗaya ɓangaren, inda kwantum ɗin ke nuna ainihin halinsa. A 1924 Louis de Broglie ya kawo maganar cewa duk wani ɗan ƙaramin abu, ilektiron ne ko atom, yana da ɗabi'ar taguwa irin ta ruwa. Taguwa kuwa tana iya rabuwa biyu ta bi hanya biyu ta sake haɗuwa, in tudun wannan ya haɗu da tudun waccan su ƙaru, in tudu ya haɗu da kwari su kashe juna. Abin da ke ɗaure kai shi ne atom guda ɗaya tak yana yin haka shi kaɗai, ba wai rabinsa ya bi nan rabi ya bi can ba, kuma ba wai ya bi ɗaya ne mu ba mu sani ba, lissafin da ke ba da amsa daidai sai an sa hanyoyin biyu duka a ciki. Amma da sharaɗi, kuma ka riƙe sharaɗin nan don za mu dawo kansa: muddin wani abu, ko mene ne, ya ɗauki shaidar hanyar da aka bi, to rawar taguwar, wato wannan ƙaruwa da kashe juna, ta mutu, atom ya koma kamar tsakuwa.

A 1975 Colella da Overhauser da Werner suka yi tambaya mai sauƙi, in hanya ɗaya ta fi ɗaya tsayi fa? Suka sassaƙa dutsen silikon guda ɗaya mai 'yan santimita ya zama yana da kunnuwa uku, suka riƙa harba niyutiron, ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin da ke cibiyar atom, ta ciki, kunnen farko ya raba taguwar, na biyu ya karkato ta, na uku ya haɗa. Sai suka riƙa karkata dutsen a hankali yadda hanya ɗaya za ta hau sama da ɗaya, adadin niyutiron da ke fitowa ya riƙa hawa yana sauka yana hawa yana sauka. Karo na farko kenan da aka ga jan ƙasa ya taɓa taguwar kwantum kai tsaye. Akwai kuma na 2002 a cibiyar ILL da ke Girenobul ta Faransa, wanda ni yake ba ni dariya, Valery Nesvizhevsky da abokan aikinsa suka sa niyutiron masu tsananin sanyi suna tsalle a kan madubi kamar ƙwallo, suka ga ba kowane tsayi suke iya tsalle ba, su ma matakai gare su, in rufin da aka sa musu bai kai wajen maikiromita 15 ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) babu wanda ke wucewa. Irin matakalar ilektiron ɗin nan dai, sai dai wannan karon giraviti ne ya gina ta.

Da atom kuwa Mark Kasevich da Steven Chu ne suka buɗe hanyar a jami'ar Stanford ta Amurka a 1991, kuma yau akwai wani bututu mai tsayin mita 10 a can da ake wannan wasan a ciki. Ga yadda harbi ɗaya yake. A gindin bututun ana tara atom ɗin rubidiyom a sanyaya su, sai a cilla su sama kamar ruwan famfon ado. Suna tashi sai a watsa musu leza karo na farko, walƙiyar da aka auna ta yadda kowane atom zai shiga hali biyu, ya karɓi naushin hasken kuma bai karɓa ba. Wanda ya karɓa ya fi sauri don haka ya fi hawa, hanya ta rabu biyu kenan. A can sama walƙiya ta biyu ta juya su, ta uku kuma ta haɗe su a hanyar dawowa, duka tafiyar sakan biyu da 'yan kai. Sai kyamara ta ƙirga nawa suka fito ta wannan ƙofa nawa ta waccan, wannan ƙirgen shi ke gaya maka ƙarfin jan ƙasa. Dalilin doguwar hasumiyar kuma shi ne kaifin awon yana ƙaruwa ne da lokaci sau kansa, ka ninka lokacin faɗuwa biyu ka samu ninki huɗu. A 2015 sun raba hanyoyin atom ɗaya har santimita 54. Ka buɗe hannuwanka biyu kamar faɗin ƙirjinka, atom ɗaya, yana nan kuma yana can.

Na'urar nan ta yi aiki ba kaɗan ba. An gwada tsohuwar maganar nan da ake jingina wa Galileo cewa komai faɗuwa ɗaya yake in babu iska, wadda ɗan sama jannati David Scott ya nuna da guduma da gashin tsuntsu a kan wata a 1971, kuma ita ce ginshiƙin nazariyyar Einstein. A 2020 a Stanford aka saki rubidiyom 85 da rubidiyom 87, iri biyu masu nauyi daban, tare, suka faɗi daidai har zuwa kashi 1 cikin tiriliyan. Sai dai a faɗi gaskiya, tauraron MICROSCOPE na Faransa da ya yi gwajin da dunƙulen ƙarfen titaniyom da filatinom, ba tare da wani kwantum ba, sakamakonsa na 2022 ya fi wannan kaifi sau kusan 1,000, don haka tsohon hannu bai ajiye makami ba. A Fulorans ta Italiya rukunin Guglielmo Tino sun auna lambar G ta Newton, wadda ke nuna ƙarfin giraviti, a 2014 da atom da ƙarfen tongistin sama da kilo 500, lambar da tun zamanin Cavendish a 1798 ake fama da ita kuma har yau ɗakunan gwaji ba su gama daidaita baki a kanta ba. A Bamingam ta Ingila an gano ramin da ke ƙarƙashin titi da irin wannan na'ura a 2022. A CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, kuma a 2023 aka saki kishiyar haidirojin, wato antimata, aka ga ita ma ƙasa take faɗuwa ba sama ba, masu fatan akasin haka suka sha ƙasa.

Akwai ɗaya da ya fi su zurfi, shi ma a Stanford a 2022. Suka sa zoben tongistin mai kilo 1.25 a saman bututun, suka raba atom santimita 25 yadda hannu ɗaya na taguwar zai je kusa da zoben ɗayan kuma yana nesa, suka ga sauyin da ya bayyana a rawar taguwar ba za a iya bayaninsa da turawar da zoben ya yi wa hanyoyin kaɗai ba. Irin abin da Aharonov da Bohm suka hango wa maganaɗisu tun 1959, ga shi ya fito a giraviti.

To duk da haka, ba a nan gizo ke saƙar ba. Duka gwaje-gwajen taguwar nan, daga na 1975 har na 2022, in ka ɗauki lissafin Schrödinger na 1926 ka zuba masa giraviti irin na Newton, amsa za ta fito daidai. Ba ka buƙatar jinkirin lokacin Einstein. Ka ga abin da ya faru kenan, masu agogo sun taɓa Einstein amma atom ɗinsu na zaune wuri ɗaya, masu taguwa sun raba atom biyu amma Newton ya ishe su. Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya.

An ma taɓa yin rigima a kan wannan, kuma rigimar manya ce. A 2010 Holger Müller da Achim Peters da Steven Chu, lokacin Chu yana ministan makamashi a gwamnatin Obama, suka fitar da takarda suna cewa ai shi atom da kansa agogo ne saboda nauyinsa, don haka tsohon gwajin taguwarsu ya riga ya auna jinkirin lokaci da kaifin da ya ninka na kowa sau 10,000. Wasu masana daga Faransa suka ce sam, abin da kuka auna faɗuwa ce kawai, agogon da babu mai iya karanta shi ba agogo ba ne. Cikin masu musun har da Claude Cohen-Tannoudji, mutumin da suka raba kyautar Nobel ta 1997 tare da Chu. Ni dai hujjar Faransawan ta fi kwanta min.

Gwajin da zai riƙe ƙafa biyun shi ne wanda Magdalena Zych da Časlav Brukner da abokan aikinsu suka zana a Biyana ta Ostiriya a 2011. Ka ɗauki atom ka tada lilon cikinsa ya zama agogo mai tafiya, sannan ka raba shi hanya biyu, sama da ƙasa. Agogo ɗaya ne, amma a hanyar sama ya fi tsufa. Ka tuna sharaɗin da na ce ka riƙe? Yanzu agogon da kansa ya zama ɗan leƙen asiri, don in ka duba lokacin da yake nunawa za ka iya sanin hanyar da ya bi, saboda haka rawar taguwar dole ta dusashe, in aka ƙara jira har hannayen agogon suka sake zagayowa suka daidaita kuma ta dawo. Newton ba zai iya ba ka wannan ba, Einstein shi kaɗai ma ba zai iya ba, sai an haɗa. Kuma a nan ne ainihin saɓanin yake fitowa fili, domin a lissafin kwantum lokaci kamar agogon bango ne guda ɗaya da kowa ke kallo daga waje, a wurin Einstein kuwa kowa da agogon hannunsa, to wanda ke wuri biyu wane lokaci ne nasa?

Na ɗan buga lissafin don in ga nisan tafiyar. Da agogon sitirontiyom, rabin kaɗawa ɗaya kusan kashi 1 ne cikin lamba mai sifili 15 na sakan, don giraviti ya tara wannan bambancin kana buƙatar ka raba atom mita ɗaya ka riƙe shi haka wajen sakan 10, ko mita 10 na sakan ɗaya. Abin da ke hannu kuwa, rabin mita na kamar sakan ɗaya a Stanford, da rubidiyom wanda ba shi da irin wannan lilon mai sauri, sai kuma rukunin Müller a Berkeley da suka riƙe atom a rabe sama da minti ɗaya amma tazarar 'yan maikiromita ce. Ba kusa ba ne, amma kuma ba mafarki ba ne, irin tazarar da aiki da kuɗi ke cikewa ce, ga masu gina bututun mita 100 a cibiyar Fermilab ta Amurka da sitirontiyom. A 2015 ma rukunin Ron Folman a Isra'ila sun kwaikwayi abin da maganaɗisu a madadin giraviti, rawar ta dusashe ta dawo kamar yadda aka zana.

Ko an yi wannan ɗin ma da sauran rina a kaba. Domin har yanzu giravitin na duniya ne, ƙatuwar ƙasa da ke zaune wuri ɗaya, atom kuwa ɗan rawa ne a kan dandamalinta. Babbar tambayar ita ce a juya abin: in abu yana wuri biyu a lokaci guda, jan da shi kansa yake yi wa maƙwabtansa daga ina yake fitowa? Daga nan, daga can, daga tsakiya, ko shi ma jan ya shiga hali biyu? Richard Feynman ya jefa wannan tambayar a wani taron masana a Chapel Hill ta Amurka tun 1957. In jan ya shiga hali biyu, to sarari da lokaci kansu sun zama 'yan kwantum kenan, wannan shi ne abin da ake nufi da giravitin kwantum, ba faɗuwar atom ba.

Abin da ya hana a duba shi ne raunin giraviti, wanda mutane ba sa yarda da shi sai an nuna musu. Ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji yana ɗaga allura, duniya gaba ɗayanta tana ja ta ƙasa, shi ya ci. Tsakanin ilektiron da furoton da ke cibiyar atom, ƙarfin lantarki ya ninka na giraviti da lamba mai sifili 39. A 2021 rukunin Markus Aspelmeyer a Biyana suka yi nasarar auna jan da ɗan ƙwallon zinare mai faɗin milimita 2 da nauyin miligiram 90 yake yi, sai cikin dare da lokutan hutu suke samun awo mai kyau saboda girgizar motoci da taragon birni. A wannan birnin dai a 2019 rukunin Markus Arndt suka sa ƙwayoyin da ke ɗauke da atom kusan 2,000 suka yi rawar taguwa. Tsakanin nauyin waɗannan ƙwayoyin da na ƙwallon zinaren akwai sifili 18. Wani na saukowa daga sama, wani na hawowa daga ƙasa, ramin da ke tsakaninsu kenan.

Shawarar da aka fi magana a kanta ta fito a 2017 daga ɓangare biyu, Sougato Bose da abokan aikinsa, da kuma Chiara Marletto da Vlatko Vedral. Ka samu ƙananan lu'ulu'u biyu, kowanne ƙanƙanta kamar ƙwayar cuta, ka sa kowanne a wuri biyu, ka ajiye su kusa da juna ka toshe duk wata hanyar da za su ji juna in ban da giraviti, in bayan 'yan sakanni ka tarar sun sarƙe irin sarƙewar kwantum, wato awon ɗaya ya ɗaure da na ɗaya fiye da yadda sa'a za ta iya bayani, to mai ɗaukar saƙon tsakaninsu shi ma ɗan kwantum ne. Haka masu shawarar suka ce, akwai kuma masu jayayya kan ko hujjar ta rufe kowace ƙofa. A gefe guda Roger Penrose da Lajos Diósi sun daɗe suna cewa watakila abin akasin haka ne, giraviti ne ke hana manyan abubuwa zama wuri biyu, shi ya sa ba ka taɓa ganin kujera a ɗaki biyu ba. An gwada sigar wannan ra'ayi mafi sauƙi a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, ana neman wani ɗan hasken da ya kamata ya riƙa fita in haka ne, sakamakon 2020 ya ce babu shi, wannan sigar ta faɗi, sauran suna nan. Jonathan Oppenheim a Landan shi kuma a 2023 ya fito da tasa, cewa giraviti ba ɗan kwantum ba ne sam, sai dai yana da wata 'yar rawar jiki ta ba-zata da awo mai kaifi zai iya kamawa.

Shi gwajin lu'ulu'un wahalarsa ba a lissafi take ba, a shara take. Ƙwayar iska guda ɗaya in ta bugi lu'ulu'un ta ɗauki shaidar inda yake, an gama. In ya ɗan yi ɗumi ya fitar da haske, an gama. In akwai cajin lantarki ko na ilektiron ɗaya da ya maƙale a jikinsa, jan da zai yi ya shanye na giraviti ba a ma san yana nan ba, in kuma ka matso da su kusa sosai don jan ya ƙaru sai wani ƙarfin da ake kira na Casimir ya taso ya rufe komai, shi ya sa a zanen farko aka bar tazarar kusan maikiromita 200 tsakaninsu. Kuma duk wannan sai an maimaita shi sau dubbai, da lu'ulu'un da kowane karo sai an kamo shi, an sanyaya shi, an sake shi a daidai wuri ɗaya, yayin da wata babbar mota da ta wuce a titin waje ta isa ta ɓata awon da nauyin jikinta kaɗai.